Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ɗiyata ta fari shekararta arba'in da bakwai, kuma har kakar bara ban taɓa kiran sunanta ba. Wanda ya tashi a ƙasarmu ba sai na yi mashi bayani ba. Ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a yi mashi wasa a gaban mutane, ba a yabonshi. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi. Ni kuma na fi su riƙewa, don abin da na ɗauka ba na yi mashi riƙon wasa. In ina son ta zo sai in ce "ke". In ina maganarta da wani sai in ce "ta Fakuwa". Ko yarinyar maƙwabta ce ke da sunan, "takwara" nake ce mata, ta kuma san da ita nake.

Ta Fakuwa, saboda can ta tashi. Da aka yaye ta aka kai ta wurin uwata, ba ta ƙara zama garinmu Mawashi ba sai dai ziyara. A can ta ji ɗiyan yayana na ce mani Gwaggo, ita ma ta ɗauka, har yau haka take ce mani. Yayan nawa ne ya sa ta makaranta a Kankia, shi ya kai ta ta koyi aikin jinya, kuma shi ya zo ya zauna da mijina ranar da ta ce soja za ta shiga. Mijina ya kwana uku bai ci tuwon kirki ba, sannan ya sa mata albarka. Ni ba a tambaye ni ba. Ko an tambaye ni cewa zan yi ba ruwana, haka ake cewa.

Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin yin salla. Amma baki Allah ya ba ni. A Mawashi, in ana biki ko ana sussuka, inda na zauna nan mata ke taruwa. Na ba da labarin kowa a garin nan, na rayayye da na matacce, ba wanda ya taɓa cewa na ɓata mashi. Labarin ɗiyar nan kaɗai ban taɓa bayarwa ba. Shekara ashirin da biyu tana aikin soja. Mata su zo su ce sun gan ta ta sauko daga mota a Kankia da kaki, takalmi na ƙyalli, direbobi na ba ta hanya. Sai in ce, "Ku dai kuka gani," in ci gaba da tankaɗe.

Ta dawo gida bayan uwata da yayana da mijina duk sun riga mu gidan gaskiya. Akwati biyu ta zo da su, da kunnen hagu wanda ba ya ji. Aure ɗaya ta yi a bariki, bai daɗe ba, ba haihuwa. Shekarunta na ƙarshe a gabas ta yi su, cikin daji, ita ke karɓar waɗanda aka ɗauko daga wurin faɗa. Iyakar abin da na sani ke nan, shi ma ƙanenta ya gaya mani, wanda muke gida ɗaya da shi da matarshi. Gari duka Saje suke ce mata, don da muƙamin ta bar aiki. Ƙanen ma Yaya Saje yake cewa. Masu kiranta da sunan yanka duk suna ƙasa.

Ba ta da faɗa. In an ba ta abinci ta ci, in ba a ba ta ba ba ta tambaya. Kullum bayanta na jingine da bango, fuskarta na kallon ƙofar zaure. Wani lokaci kuma sai ta tafi tana zaune. Ido buɗe, hannu inda yake, a yi ta magana ba ta nan. Sai an jima ta dawo, ta share fuska, ta ci gaba da abin da take yi. Na je wurin malamin da muke katanga ɗaya da su, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Ya ba ni rubutu, ya ce, "Inna, ta sha wannan, Allah ya sa a dace. Amma a kai ta asibiti kuma. Wanda ya ga irin abin da ta gani, ba sai an nemo mashi aljani ba."

Ni ma wani abu ya same ni a lokacin. Labari ya daina zo mani. A kira ni biki in je, in zauna, mata su matso, in ce kaina ke ciwo. Ba baƙin ciki ba ne, na san baƙin ciki, na binne ɗiya uku. Wannan kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ne. Ka taɓa, ka san taka ce, amma ba ka ji.

Ranar babbar Salla da hantsi aka yi abin da ya sa muka fara zuwa Kankia. An yanka rago, ƙanenta na babbakar kai da ƙafa a tsakar gida, ita kuma tana gyara kasko a kan murhu za a soya kayan ciki. Ƙaurin gashin nan ya taso. Na gan ta ta tsaya, tafin hannunta na hagu a kan bakin kasko, wuta na ci a ƙasa. Na ce, "Ke." Na ce, "Ke, hannunki." Ba ta ji ba. Ƙanen ya yar da abin da ke hannunshi, ya kamo ta ta baya zai janye ta. Ban ga yadda aka yi ba, sai ga ƙato kwance a ƙasa, gwiwarta a ƙirjinshi. Da ta dawo ta dube shi, ta dubi hannunta, fata ta saɓule. Ta ce, "Yi haƙuri," ta shiga ɗaki. Na tsaya da ludayi a hannu. Na ƙarasa suyar, don mai ya riga ya yi zafi.

Matar da ta riƙa wanke mata ƙunar a asibitin Kusada ita ta kai labari. Bayan mako biyu wata gajeriyar mata mai tabarau da sandar dogarawa ta yi sallama a gidanmu. Ɗiyata na ganinta ta miƙe tsaye cak, hannu a gefe.

Matar ta ce, "Zauna, an gama wannan. Yanzu duk masu ciwon gwiwa ne."

Ita ma aikin jinya ta yi a soja, ta bar aiki tana Manjo, ta dawo gidan ubanta a Kankia. Ta ce akwai su bakwai, matan da suka taɓa sa kaki, daga Kankia da Kusada da ƙauyukan kewaye, suna haɗuwa gidanta duk Laraba. Ba wani abu ake yi ba, in ji ta, a dai ga juna. Ta ce ɗiyata ta zo. Ta dube ni ta ce, "Ke ma, Inna, in kin ga dama."

Ban ga dama ba, amma ba mai raka ta, kuma ba a bar ta ita kaɗai a bakin titi manyan motoci na wucewa.

Gidan yana bayan tasha, ana jin kwandastoci na kiran Kano, Kano, Katsina. Da safe su fita tattaki, su zaga ta bayan gari su dawo, masu ɗingishi a baya. Sannan su yi ban ruwa, don Manjo ta yi ɗan lambu na zogale da rama da tattasai, kowace da layinta. Sannan a zauna matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli. Wata ɗaya sau ɗaya likita ke zuwa, ta yi masu awon jini, ta shiga ɗaki da duk mai son magana a rufe ƙofa. Bayan azahar su shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, wadda ke da abin faɗi ta faɗa, wadda ba ta da shi ta yi shiru, ba a matsa wa kowa. Ranar farko na lura da abu ɗaya. Su bakwai ɗin nan, da tawa takwas, ba wadda ta ba ƙofa baya. Ni kaɗai na zauna kamar mutane.

Akwai wata doguwa 'yar Kusada, babbar mota ta tuƙa a soja, haƙoranta biyu na gaba babu, bakinta kuma ba linzami. Ita ta fara taɓa ni.

"Inna, an ce ke ce rediyon Mawashi. Yau ba batir ne?"

Na ce, "Ana kunna ni inda ake da kunne."

Ta ce, "To nan kin yi asara. Mu takwas, in an haɗa kunnuwanmu masu aiki ba su fi sha ɗaya ba."

Aka yi dariya. Na dubi ɗiyata, gefen bakinta ya ɗan motsa. Rabon da in ga haka na manta.

Matsar man da suke yi kuwa abin kunya ce. Ruwan zafi suke zubawa gaba ɗaya, kamar masu wanki. Laraba ta uku na kasa haƙuri, na karɓi muciya na nuna masu yadda ake ɗiga shi kaɗan-kaɗan ana juyawa har tunkuza ta saki mai. Doguwar ta sara mani da hannu duk maiƙo, ta ce daga yau an naɗa ni kwamandan tunkuza. Ban yi dariya ba, amma na ci gaba da zuwa.

Wata Laraba, suna wurin ban ruwa, Manjo ta jawo kujera kusa da ni. Doguwar na gefe tana mulmula ƙuli.

Manjo ta ce, "Inna, ke ce kullum tare da ita a gida. Zan gaya maki abin da za ki yi in ta tafi. Kada a kama ta ta baya, kin ga abin da ya faru. Kada a yi mata tsawa. Ki zagayo ta dama, wurin kunnen da ke ji, inda za ta gan ki. Ki kira sunanta a hankali. Ki gaya mata inda take, da ranar da ake, da abin da ke gabanta."

Na ce, "Sai in ce Saje."

"A'a. Saje can ne. In kin ce Saje kin ƙara tura ta inda take. Sunan gida, wanda aka raɗa mata."

Na ce, "Ke ɗiyar wa ce? Ba a gaya maki ita ce ta fari ba?"

"An gaya mani."

"To ƙanenta ya kira."

"Ƙanenta na gona tun safe. Matarshi tsoronta take ji, kin fi ni sani."

Na ce, "Na kusa saba'in. Ba a taɓa kama ni da rashin kunya ba, ko a gidan miji ko a gidan ubana. Ba yanzu da furfura zan fara ba."

Doguwar ta ce, "Inna, rufe ido kawai ki ɗauka akuyarki ce ta shiga gonar mutane."

Manjo ta harare ta. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Ta ce, "Ni ma ta fari ce. Na san abin da kike faɗi, ban kuma ce ba shi da kyau ba. Ni dai hannunta ɗaya ya rage mai lafiya, shi nake dubawa."

A mota muna komawa, ɗiyata ta ce, "Gwaggo, me Manjo ke gaya maki?" Na ce maganar gyaɗa ce.

Ba zan ɓoye ba, na gwada. Wata rana na je gonarmu ta bayan gari roron wake, ba kowa sai dawa ta fi ni tsawo. Na tsaya na buɗe baki. Sunan na nan, na san shi kamar yadda na san hanyar rijiya. Ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Na duba hagu da dama kamar mai shirin sata. Na rufe bakina na ci gaba da roro. Na ce a raina ai tana samun sauƙi, tun da ta fara zuwa Kankia sau biyu kaɗai ta tafi, kuma duk tana zaune a tabarma ba wuta kusa. Ƙila ba za a kai ga haka ba.

Da kaka ta yi, gyaɗa ta shigo, Manjo ta ce kowace ta riƙa soyo tata daga gida, a rage aikin Laraba. Ranar Talata da la'asar muna tsakar gida mu biyu. Ƙanenta da matarshi na gona wurin ɗaurin dawa. Ta ɗora kasko, ta zuba yashi, ya yi zafi, ta zuba gyaɗa tana juyawa da mara. Ni ina gefe ina murje wadda ta huce a faifai. Maƙwabcinmu na yamma na gini, an kawo mashi kwanon rufi a amalanke. Masu saukewa suka saki ɗauri guda a ƙasa.

Ƙarar ni ma ta shige ni. Kaji suka watse. Da na juyo, marar ta faɗi cikin kasko, yatsunta na dama huɗu na cikin yashi. Idonta na kan ƙofar zaure.

Na ce, "Ke."

Na tashi na janye itacen daga murhu. Amma yashi ba ya hucewa don an janye itace, duk macen da ta taɓa suyar gyaɗa ta sani. Na yi tunanin in fizge hannun. Wadda ta kayar da ƙato a ranar Salla, ni me za ta yi da ni? Ba ma wannan ba, in ta dawo ta gan ni a ƙasa, da wane ido za ta ƙara zama a gidan?

Na ce, "Ke, ta Fakuwa."

Gyaɗa ta fara ƙauri.

Na zagaya ta dama. Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara. Na kawo bakina kusa da kunnenta, har ina ganin furfura uku a gefen kallabinta, ban san tana da su ba. Na faɗi sunan.

Bai fito da kyau ba. Ya fito kamar na baƙo, kamar mai tambayar gida a garin da bai sani ba. Na sake faɗi. Na uku ya fito daidai, yadda uwata ke jan ƙarshenshi in tana kiranta daga bakin danga. Na ce, "Nan Mawashi ne, gidan ubanki. Yau Talata. Gyaɗa muke suya, gobe za mu Kankia. Kwano ne aka yar a gidan maƙwabta. Ɗaga hannunki."

Ƙwayar idonta ta motsa. Ta zo kaina ta tsaya. Ta zare hannun a hankali, ta dube shi. Na jawo bokitin ruwa na tsoma mata shi a ciki, na riƙe wuyan hannun. Rabona da riƙe hannun nan tun kafin yaye.

Can ta ce, "Gwaggo, gyaɗar ta ƙone."

Na ce, "Na gani."

Masu kwano na ta gardama a waje kan wanda ya saki ɗaurin. Ba ta dube ni ba, ruwan bokiti take kallo, ta ce, "Ashe kin san shi."

Na ce, "Ina ɗaki ranar suna aka shigo aka gaya mani. Na riga ki jin shi."

Ta ce, "Haka ne."

Na jira in ji wani abu, kunya ko kuka ko sauƙi. Ban ji ba. Gwiwata dai ke ciwo. Na ga kan matar maƙwabci ya leƙo ta katanga ya koma, na san kafin magariba rabin Mawashi sun ji cewa tsohuwar nan mai ji da kanta ta kira ɗiyar fari da suna har sau uku. Na tashi na sauke kasko.

Yatsun sun yi bororo, amma fata ba ta saɓule ba. Washegari muka je Kankia da gyaɗar yadda take, ban tsince baƙaƙen ba. Manjo ta kwance tsumman da na ɗaura, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta shafa magani. Ta tambayi ɗiyata yadda aka yi, ta ce kwano ne ya faɗi. Manjo ta ce, "Wa ya dawo da ke?" Ɗiyata ta nuna ni da haɓa. Manjo ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da naɗe yatsun.

Doguwar ta jefa gyaɗa ɗaya a baki ta tofar.

"Kwamanda, wannan gawayi ne ko gyaɗa? A soja da an sa ki tsallen kwaɗo."

Na ce, "Mai haƙori ke kushe gyaɗa. Ke tsotsa kawai kike."

Suka kwashe da dariya, har da tawa, da sauti wannan karon. Bayan azahar, a inuwar darbejiya, sai na ji bakina ya fara ba su labarin wata mata a garinmu da ta yi shekara tana gaba da jakin mijinta. Ban shirya ba. Ban kuma ba da shi da daɗi kamar da ba, na tsallake wurare biyu.

A Mawashi an yi maganar kwana kaɗan. Wata sa'ata ta tare ni a rijiya ta ce, "An ce kin zama baturiya." Na ce ta ɗaga gugarta tana tare mani hanya.

Ba ta warke ba, kada a ce na ce ta warke. Har yanzu ba ta ba ƙofa baya, ranar layya kuma ɗaki take shiga kafin a kunna wutar babbaka. Daga ranar nan zuwa yau sau huɗu na ƙara kiran sunan, duk a irin wannan hali, duk ta dama. In lafiya lau take, "ke" nake ce mata, ita kuma ta ce Gwaggo. A nan ma ba zan faɗe shi ba, ba na jin mutane ba ne. Gobe Laraba, gyaɗarmu na faifai tana hucewa. Yanzu ni ke zama kusa da kasko, ta damanta.